Talaka da baitulmali ne suka riƙe manyan jiragen Atlantika, ba masu kuɗi ba

Tun watan Fabrairun 2025, lokacin da aka ɗaura wa tsohon jirgin ruwan nan United States igiya aka ja shi daga Philadelphia zuwa Mobile ta jihar Alabama, domin a shirya nutsar da shi a gaɓar Florida ya zama mafakar kifaye, ake ta yaɗa hotuna da guntayen bidiyo na jiragen fasinjan da suka riƙa tsallaka Tekun Atlantika. Duk abu ɗaya suke nunawa: matakalar bene mai sassaƙa, fitilun alfarma, attajirai da matansu a teburin cin abinci. Daga nan sai a ce jirgin sama ya zo ya kashe zamanin daɗi.

Wannan labari yana damu na, domin ya ɗauki rufin gidan ya bar tubalinsa.

Matsayina shi ne: abubuwa uku suka riƙe waɗannan kamfanoni shekara ɗari da 'yan kai. Kuɗin gwamnati, kuɗin tikitin talakawa masu ƙaura, da gumin mutanen da ke zuba kwal a ƙasan jirgi. Duk lokacin da ɗaya daga cikin biyun farko ya janye, kamfani ya durƙusa, komai kyan ɗakunansa. Wanda ya bi tarihin kamfanonin ɗaya bayan ɗaya zai ga haka da idonsa.

Wasiƙa ce ta fara biyan kuɗin kwal

Kafin 1818 jirgin da zai tashi daga New York zuwa Liverpool kamar motar tasha yake, ba ya motsi sai ya cika. Kamfanin Black Ball ne ya fara sa rana ya ce zai tashi ko da kaya ko babu. Daga nan sana'ar ta samo asali. Amma jiragen filafili ne, iska ke tafiyar da su, kuma tafiya yamma tana iya cin sati biyar ko shida.

A Afrilun 1838 jirage biyu masu injin tururi, Sirius da Great Western, suka isa New York kusan a tare. Great Western ya yi tafiyar cikin kwana 15. An ga cewa abin zai yiwu, sai dai akwai matsala: kwal ɗin da injin zai ci ya cinye wurin da ya kamata a zuba kaya. Jirgi ya yi sauri, amma ba shi da abin da zai sayar ya mayar da kuɗinsa.

Gwamnatin Birtaniya ce ta warware wannan. A 1839 ta ba Samuel Cunard, ɗan kasuwa daga Halifax ta Kanada, kwangilar ɗaukar wasiƙu, da farko a kan fam 55,000 a shekara, daga baya aka ƙara. Da wannan kuɗi ya ƙera jirage huɗu iri ɗaya. Na farkonsu, Britannia, ya bar Liverpool ranar 4 ga Yulin 1840. Jirgin katako ne mai ƙafafun tuƙi biyu a gefe, yana ɗaukar fasinja 115, har da saniya a ciki saboda madara. Kamfanin Great Western da ya riga Cunard shiga teku bai samu kwangilar ba, bai kuma daɗe a hanyar ba. Ba ƙwarewar ƙira ce ta raba su ba, takardar gwamnati ce.

Amurka ta ga haka ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Ta ba Edward Collins tallafin dala 385,000 a shekara, a 1852 ta ɗaga shi zuwa 858,000. Jiragen Collins sun fi na Cunard girma da gudu da ƙawa. Amma gudun ya riƙa jijjiga katakon jiragen, gyara ya riƙa cin riba. A Satumban 1854 jirginsa Arctic ya yi karo da wani jirgin Faransa cikin hazo kusa da Newfoundland, sama da mutum 300 suka mutu, ba mace ko yaro ko ɗaya da ya tsira, cikinsu har da matar Collins da 'ya'yansa biyu. A farkon 1856 wani jirginsa, Pacific, ya bar Liverpool, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Majalisa ta zaftare tallafin, a 1858 kamfanin ya rufe. Cunard da ake yi wa kallon mai tafiyar hawainiya ya ci gaba da kai wasiƙunsa.

Mutanen da ke ƙasan jirgi

Canjin da ya mayar da sana'ar babba ya zo ne da ƙarfe da farfela. Da aka daina ƙafafun tuƙi na gefe, aka koma farfela a bayan jirgi, aka kuma samu injin da ke amfani da tururi ɗaya sau biyu ko uku kafin a sake shi, sai wuri ya samu a cikin jirgi. Kamfanin Inman na Liverpool ne ya fara cika wannan wuri da masu ƙaura tun farkon shekarun 1850. Kafin a shiga 1880 kusan duk mai barin Turai zuwa Amurka jirgin tururi yake hawa.

A duba yawan mutanen. Kusan miliyan 12 suka bi ta tsibirin Ellis da ke bakin New York tsakanin 1892 da 1954. A 1907 kaɗai sun haura miliyan ɗaya. Tashar Bremerhaven ta fitar da mutum sama da miliyan 7, ta Hamburg kusan miliyan 5. Manoman Ireland da Italiya ne, da Yahudawan da ke gudun kisa daga daular Rasha, da 'yan Poland da Hungary, har da mutanen Sham. Akasarinsu ba su taɓa ganin teku ba sai ranar.

Lissafin kamfani a kansu mai sauƙi ne. Fasinjan aji na ɗaya yana buƙatar ɗaki, banɗaki, masu hidima, abinci kala-kala, da filin shan iska. A wurin da ya cinye shi kaɗai ana iya jera gadajen ƙarfe masu hawa biyu na mutane da yawa, a ba su miya da burodi da dankali daga babbar tukunya ɗaya. Kowannensu kuɗinsa kaɗan ne, fam 7 zuwa 8 a zamanin Titanic, amma abin da kamfani ke kashewa a kansa bai taka kara ya karya ba. Jirgin Imperator na Jamus, wanda ya fara aiki a 1913, yana ɗaukar fasinja sama da 4,000, fiye da rabinsu a aji na uku da na huɗu suke.

Wanda ya fi kowa gane wannan shi ne Albert Ballin, shugaban kamfanin HAPAG na Hamburg. Da harkar masu ƙaura ya fara, da ita kuma ya mayar da HAPAG kamfanin jiragen ruwa mafi girma a duniya kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan annobar kwalara da ta kashe mutum sama da 8,000 a Hamburg a 1892, aka ɗora laifin a kan masu ƙaura daga gabas, aka toshe iyaka. Kasuwar ta kusa mutuwa. Sai HAPAG da abokin hamayyarsa Norddeutscher Lloyd na Bremen suka karɓi aikin kafa tashoshin bincike a kan iyakar Jamus da Rasha, inda ake yi wa mutane wanka, a turara kayansu, likita ya duba su. A 1901 Ballin ya buɗe wata unguwa guda a Veddel, da ɗakunan kwana, da wurin cin abinci, da coci da wurin ibadar Yahudawa, domin masu jiran jirgi.

Ba tausayi kaɗai ya sa haka ba. Dokar Amurka ta ce duk wanda aka ƙi karɓa a Ellis, kamfanin da ya kawo shi ne zai mayar da shi a kan kuɗinsa, kuma akwai tara idan aka kawo mai cuta mai yaɗuwa. Ciwon idon nan amodari shi ne abin da likitoci suka fi nema, suna juya fatar idon mutum su duba. Kusan kashi 2 cikin 100 ake mayarwa. Saboda haka kamfani ya gwammace ya tace mutane tun a Turai. Shi kuwa fasinjan aji na ɗaya da na biyu a cikin jirgi ake duba shi sama-sama, ya sauka a New York ya wuce. Ɗan aji na uku ne ake lodawa a kwale-kwale a kai shi tsibiri.

Har haɗa kai kamfanonin suka yi a kan wannan kasuwa. A 1892 kamfanonin Jamus biyu da Holland America da Red Star suka raba masu ƙaura a tsakaninsu, kowa da kasonsa, don kada farashi ya faɗi. A 1904 da Cunard ya shiga ɗebo masu ƙaura daga Hungary, rikicin farashi ya ɓarke, tikiti ya faɗi warwas. Ba a kan ɗakunan alfarma aka yi wannan faɗan ba.

"Ai masu kuɗi ma sun biya da yawa"

Gaskiya ne, kuma ban raina shi ba. Tikitin ɗaki mai falo a babban jirgi yana iya ninka na talaka sau goma ko fiye. Attajirai kuma su ne tallar kamfani: jarida ba ta buga sunan manomin Sicily, amma tana buga na mai banki. Shi kansa manomin yakan nemi jirgin da ya ji sunansa, har yakan ƙidaya bututun hayaƙi, shi ya sa wasu kamfanoni suka riƙa ƙara bututun da ba ya fitar da hayaƙin tukunya. Bututu na huɗu na jiragen Olympic da Titanic irin wannan ne.

Sai dai kasuwar masu kuɗi ta rani ce. Suna zuwa Turai a bazara, su koma a kaka, lokacin sanyi ɗakunansu a rufe suke. Jirgi kuwa yana cin kwal da albashi wata goma sha biyu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abin da ya faru da aka rufe ƙofa. A 1921 Amurka ta sa ƙa'idar yawan baƙi, a 1924 ta ƙara matse ta zuwa kusan mutum 165,000 a shekara. Italiya da ta tura sama da mutum 280,000 a 1914 aka ba ta ƙasa da 4,000. Attajiran suna nan, ba inda suka je, shekarun 1920 ma kuɗi suka ƙara yi. Amma duk da haka dole kamfanoni suka farfasa ɗakunan kwanan masu ƙaura, suka yi musu fenti, suka ƙirƙiro sabon aji na 'yan yawon buɗe ido mai rahusa domin malaman makaranta da ɗaliban Amurka. Wato sun je neman wani talakan ne da zai cike gurbin na farko. Da karayar tattalin arzikin 1929 ta kore shi ma, manyan kamfanoni da yawa suka kasa tsayawa da ƙafarsu.

Gudu yana da farashi, kuma akwai masu biyansa

Mutane suna son labarin gasar nan ta jirgin da ya fi kowa gudu, wadda ake kira Blue Riband. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a kan ruwa ƙarin gudu kaɗan yana cin makamashi mai yawan gaske. Idan ana son ninka gudu sau biyu, ƙarfin injin sai ya ninka kusan sau takwas.

Ga misali a fili. Mauretania na Cunard, mai tan 32,000, yana gudun kusan kilomita 47 a awa, yana ƙona kwal kusan tan 1,000 a rana. Titanic ya fi shi girma nesa, tan 46,000, amma da yake gudunsa kusan kilomita 40 a awa ne, abin da yake ci bai fi tan 600 da 'yan kai ba. Kamfanin White Star, mai Titanic, da gangan ya bar gasar gudu ya koma girma da jin daɗi, kuma a lissafin kasuwa shi ne mai gaskiya.

To me ya sa Cunard ya ƙera Mauretania da Lusitania? Saboda ba da kuɗinsa ba ne. A 1897 Jamus ta fito da Kaiser Wilhelm der Grosse ta ƙwace kambun gudu. A 1902 attajirin Amurka J.P. Morgan ya saye White Star da wasu kamfanoni ya haɗe su a ƙarƙashin kamfani ɗaya. Hankalin gwamnatin Birtaniya ya tashi, kada Cunard ma ya suɓuce. Sai ta ba shi rancen fam miliyan 2.6 da kuɗin ruwa kashi 2.75 cikin 100, da tallafin fam 150,000 duk shekara, bisa sharaɗin kamfanin ya zauna a hannun 'yan Birtaniya, jiragen kuma su zama na sojan ruwa idan yaƙi ya tashi. Da wannan kuɗi aka sa musu sabon injin Charles Parsons, wanda tururi ke hura dubban ƙananan fikafikai ya juya farfela kai tsaye. Mauretania ya riƙe kambun daga 1909 har 1929.

Wannan kwal ɗin kuwa da hannu ake zuba shi. Mauretania yana da tukwanen tururi 25 da bakin wuta 192. Titanic yana da tukwane 29 da bakin wuta 159, da masu zuba kwal sama da 170, da kusan 70 masu turo shi a baro daga rumbu. Aikin awa huɗu ne a huta takwas. Mai zuba kwal zai buɗe ƙofar wuta, ya watsa kwal da shebur ya baje shi daidai, ya sa dogon ƙarfe ya farfasa dunƙulen da ya narke ya toshe iska, ya kwashe toka, ƙararrawa ta buga ya koma kan na gaba. Idan ya zuba da kauri wuta ta shaƙe, idan ya yi sakaci ƙarfin tururi ya sauka. Masu baron kuma dole su riƙa ɗibar kwal daidai daga rumbunan dama da hagu, in ba haka ba jirgi ya karkata. Kwal a rumbu yana iya kama wuta da kansa, sai an kwashe shi da hannu kafin a kashe ta. Idan an iso tasha, loda kwal yana cin kwanaki, bayansa sai an wanke jirgin gaba ɗaya daga baƙar ƙura.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka mayar da Olympic da Aquitania da Mauretania masu shan baƙin mai. Ɗaruruwan mutane suka rasa aiki a kowane jirgi, gomomi suka maye gurbinsu. Ban ga ana nuna hotunansu ba.

Titanic: doka aka bi, dokar ce ta tsufa

Ba zan daɗe a nan ba, an yi ta faɗa. Amma abu biyu sun shafi maganata.

Na farko, kamfanin bai karya doka ba. Ƙa'idar Birtaniya ta 1894 ta auna kwale-kwalen ceto da girman jirgi, ba da yawan mutane ba, kuma ta tsaya a kan jirgi mai tan 10,000 zuwa sama: kwale-kwale 16. Titanic ya ninka haka fiye da sau huɗu. Ya ɗauki 20, masu cin mutum 1,178, alhali akwai kusan 2,200 a cikinsa a daren 14 ga Afrilun 1912. An raba cikinsa gida 16, zai iya shawagi idan huɗu na gaba suka cika, amma dutsen ƙanƙarar ya buɗe fiye da haka, kuma bangayen ba su kai sama sosai ba, ruwa ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Na biyu, a duba waɗanda suka mutu. A aji na ɗaya kusan shida cikin goma suka tsira. A aji na uku ɗaya cikin huɗu. Ɗakunansu suna can ƙasa a gaba da bayan jirgi, nesa da kwale-kwalen, ga ƙofofin da ke raba su da sauran fasinja. Cikin injiniyoyin jirgin ba wanda ya fita da rai. Kwanaki kaɗan bayan haka masu zuba kwal na Olympic kusan 300 suka ƙi tashi daga Southampton saboda ba su yarda da kwale-kwalen da aka ƙaro cikin gaggawa ba, dole aka soke tafiyar. Sun fi kowa sanin wa ake bari a baya.

Gyaran da ya biyo baya gwamnatoci ne suka tilasta shi: wurin zama ga kowane rai a kwale-kwale, mai wayar iska a kan aiki dare da rana, da sintirin duba ƙanƙara a arewacin tekun, wanda har yau ake yi.

"To tallafin ba ɓarnar kuɗin jama'a ba ne?"

Wannan ce tambayar da ta fi wuya, kuma amsata ba ɗaya ba ce.

A 1931 aka dakatar da ƙera wani ƙaton jirgin Cunard a Clydebank ta Scotland, wanda a lokacin lamba kawai gare shi, 534. Gangar jikinsa ta yi sama da shekara biyu tana tsatsa, dubban ma'aikata suna zaune. White Star kuma ya faɗa hannun Lord Kylsant tun 1927, mutumin da rukunin kamfanoninsa ya ruguje har aka ɗaure shi a 1931 saboda yaudarar masu zuba jari. Kamfanin jiragen Elder Dempster mai zuwa Legas ma yana cikin wannan rukuni, sai da aka sake masa tsari. Gwamnati ta ce za ta ba da rancen fam miliyan 9.5, amma sai Cunard da White Star sun haɗe. Suka haɗe a 1934. Lamba 534 ya zama Queen Mary a 1936, Queen Elizabeth ya biyo a 1940.

A nan ina ganin kuɗin ya yi amfani, domin akwai lissafi a bayansa. Tashi duk mako daga kowane gefe yana buƙatar jirage uku. Idan jirgi zai iya riƙe gudun kilomita 53 a awa, ya tsallaka cikin kwana biyar, a sauke a loda cikin kwana biyu, to jirage biyu sun isa. An rage albashi da mai da gyaran jirgi guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsarin ya fara aiki a 1947, ya kawo riba ta gaske shekara goma. A lokacin yaƙin ma jiragen sun yi jigilar sojoji: a Yulin 1943 Queen Mary ya ɗauki mutum 16,683 a tafiya ɗaya. Wannan ma da farashinsa, domin a Oktoban 1942 ya raba jirgin yaƙin da ke masa rakiya, Curacoa, gida biyu, kuma umarni bai ba shi damar tsayawa ba. Sama da mutum 300 suka mutu.

A gefe guda ga Normandie na Faransa, na 1935. A ƙira ya fi Queen Mary, ba na jayayya: gaban jikinsa yana yanka ruwa da ƙarancin makamashi, injinsa lantarki yake haɗawa ya juya farfela. Amma an ba aji na ɗaya kaso mafi tsoka na jirgin, a lokacin da mai ƙaramin ƙarfi ne ke cika jirage. Ba safai yake cika ba. Gwamnati ce ta riga ta karɓe ragamar kamfanin CGT, mai jirgin, tun 1933. A Fabrairun 1942 wuta ta kama shi a tashar New York ana mayar da shi na sojoji, masu kashe gobara suka yi ta antaya ruwa a benayensa na sama har nauyin ya kifar da shi.

Shi ma United States ɗin haka ne. Ya ci kusan dala miliyan 78, gwamnati ta biya kusan miliyan 50, domin a iya mayar da shi mai ɗaukar soja 14,000. A 1952 ya tsallaka cikin kwana 3 da awa 10 da minti 40, gudun kusan kilomita 66 a awa. Bai taɓa ɗaukar rundunar da aka ƙera shi dominta ba. Da tallafi ya yi ta tafiya, da aka gaji a 1969 aka ɗaure shi. Shekara 17 ya yi aiki, sama da hamsin yana zaune.

Bambancin da nake gani shi ne, tallafin da aka ba da don wani aiki da za a iya aunawa, kai wasiƙa duk sati biyu ko tashi duk mako da jirage biyu, ya haifar da kamfani mai ɗorewa. Wanda aka ba da don a ce ƙasa kaza ma tana da nata, ya ƙare ranar da ministan kuɗi ya gaji.

Jirgin sama bai zo a ɓoye ba

A Oktoban 1958 kamfanin jiragen sama na BOAC na Birtaniya da jirgin Comet, sannan Pan Am na Amurka da Boeing 707, suka fara tsallaka tekun da injin jet. A shekarar ce masu bi ta sama suka zarce masu bi ta ruwa. Tafiyar kwana biyar ta koma ta awa bakwai ko takwas. Ba wanda zai ce bai gani ba.

Duk da haka Faransa ta fito da jirgin France a 1962, Italiya ta fito da Michelangelo da Raffaello a 1965, dukansu da kuɗin jama'a. A nan ne ba na yarda da masu cewa ƙaddara ce kawai. An ƙera su ne bayan kasuwar ta riga ta tafi. Jiragen Italiyan biyu ma ba a yi wa ɗakunansu na ƙasa tagogi ba, abin da ya sa suka yi wuyar mayarwa na yawon shaƙatawa. Shekara goma suka yi, aka sayar wa Iran ta mayar da su barikin soja. France kuwa tashin farashin mai na 1973 ne ya ƙarasa shi: gwamnati ta janye tallafi a 1974, ma'aikatansa suka mamaye shi a bakin Le Havre na makonni, bai hana a ɗaure shi ba. A wannan shekarar ce kuma Aureol na Elder Dempster, wanda ɗalibai da ma'aikatan Najeriya da Ghana da Saliyo da yawa suka hau zuwa Ingila, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe.

Cunard ya sayar da Queen Mary a 1967, yana nan a Long Beach ya zama otal. Queen Elizabeth ya ƙone a Hong Kong a 1972. Abin da ya ceci kamfanin shi ne Queen Elizabeth 2 na 1969, wanda aka rage masa girma da gangan yadda zai iya bi ta mashigar Panama, ya tsallaka Atlantika da rani, ya yi yawon shaƙatawa da sanyi.

Jamusawa sun fi kowa saurin karanta lamarin. A 1970 HAPAG da Norddeutscher Lloyd suka haɗe suka zama Hapag-Lloyd, suka zuba ƙarfinsu a kan kwantena. CGT mai Normandie ya bi ta haɗe-haɗe har ya zama ɓangaren CMA CGM. Sunayen nan biyu ne ke rubuce a jikin kwantenonin da ake saukewa a Apapa da Tema da Kwatano. Shi kuwa Cunard tun 1998 yana hannun Carnival na Amurka, kuma jirginsa Queen Mary 2, wanda aka ƙera a Saint-Nazaire ta Faransa ya fara aiki a 2004, shi kaɗai ya rage yana bin hanyar Southampton zuwa New York a kai a kai. Yana iya gudun sama da kilomita 50 a awa, amma kwana bakwai yake ɗauka, domin a rage shan mai, kuma fasinjansa ba sauri suke yi ba.